Masu Gadin Matacciyar Taransifoma

Idan wata rana aka zauna rubuta tarihin yadda matasan ƙasar nan suka farka suka riƙe dimokuraɗiyya da hannu biyu, dole a ware babi guda domin mai waldan layinmu. Masana sun riga sun faɗi haka a rediyo, su da ba su saba yarda da juna ba. Sun ce shi ne mutumin da ya ɗaga yatsa ɗaya ya tashi matasan ƙasa daga barci. Shi dai a iya saninsa, wutar lantarki ya je nema.

An haife shi a ɗakin da ke bayan shagon mahaifinsa, mai gyaran kekuna. Ya yi makaranta har ya iya karanta awo da rubuta sunansa, daga nan uban ya kama hannunsa ya kai shi layin baya, wurin wani mai walda mai faɗin ƙirji da rowar yabo. A can ya girma. Ya share garin ƙarfe, ya riƙe rodi, ya sha kwana da ido kamar an zuba masa yashi saboda ya kalli tartsatsi ba gilashi. Ubangidan nasa bai taɓa ce masa aiki ya yi kyau ba. In ya yi kyau sai ya yi shiru, in bai yi ba sai ya sa ƙafa ya ture. Ranar da ya je sallama, bayan ya yi aure ya kama shagon kansa a layinmu, mutumin ko gilashin fuskarsa bai ɗaga ba.

"Je ka," in ji shi. "Za ka dawo."

Wannan magana ita ya rataya a wuya shekara da shekaru. Ya gaya wa matarsa cewa ko dutse zai koma fasawa, ba zai sake kunna inji a shagon mutumin nan ba. Shagonsa ƙarami ne, injin walda ɗaya, na yanka ɗaya, sai benci da ya haɗa da kansa, amma rabin ƙyamaren ƙarfen unguwar daga hannunsa suka fito. Yana da wata ɗabi'a: in ya gama ƙofa sai ya tura ta da ɗan yatsa, ya buɗe ya rufe, in ta yi ƙara ko kaɗan ba zai bari a ɗauka ba, ko da mai ita na tsaye da mota. Ba mai yawan magana ba ne. Fushinsa ma a hankali yake zuwa, kamar ƙarfe a wuta, sai dai in ya yi ja yakan daɗe bai huce ba. Siyasa kuwa, in zaɓe ya zo yakan je ya jefa ƙuri'a, ya dawo ya ci gaba da aiki da tawada a yatsa. Wayarsa ƙarama ce mai tocila, ba ta san hoto ba.

Sai taransifomar layin ta mutu. Da rana tsaka ta yi wata irin ƙara, ta zubar da mai, ta tura hayaƙi sama, shi ke nan. Tela ya koma keken ƙafa. Mai aski ya samo ƙaramin janareta. Matar da ke sayar da ƙanƙara ta goge firjinta ta mai da shi akwatin tufafi. Amma injin walda ba ya tashi da ƙaramin janareta, babba kuwa ba na irinsa ba ne. Masu kawo masa aiki suka yi haƙuri iya haƙurinsu, sannan suka fara zagayawa layin baya, suna gaishe shi kai a sunkuye. Mai shagon da yake haya ya fara tambayarsa, cikin ladabi, ko yana da niyyar ci gaba da zama. Kowace safiya yakan buɗe shago ya share, ya zauna a benci yana kallon gawar taransifomar a kan dakalinta na siminti, tsallaken titi. Ya yi ta zarya ofishin kamfanin wuta har mai gadi ya daina tambayarsa wurin wa ya zo.

Da aka ce kansila zai saurari jama'a a wani aji na makarantar firamare, ya sa rigarsa mai kyau ya je. Manyan mutane suka cusa gwiwoyi a ƙarƙashin teburan yara. Aka yi godiya, aka yi yabo, wani ya miƙe ya yi godiya a kan yabon. Da layi ya zo kansa ya yi bayani tiryan-tiryan: yaushe ta mutu, me ya ƙone a cikinta, wa ya gani a kamfani, me aka ce masa. Yana cikin magana ya lura kansila na latsa waya a ƙarƙashin tebur yana murmushi. A nan ƙarfen ya yi ja. Ya ɗaga yatsansa mai tabon ƙuna ya nuna shi.

"Ɗago ka dube ni," ya ce. "Mu ba hoto ba ne a bango. Mutane ne."

A bayan ajin akwai ƙanin matarsa, wanda kowa ke kira Kwamared. Ya gama jami'a, ya gaji da neman aiki, yana zaune a ɗakin ƙofar gidan yayarsa. Ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Tun yana ƙarami aka gaya masa in ya yi karatu ƙasar tasu ce, ya yi, ya zo karɓa aka ce ya dawo gobe. Abin da ya rage masa da ba a ce ya dawo gobe ba ita ce wayarsa. Da wasa tsakaninsa da mijin yayar tasa: shi yana kiran mai walda Injiniyan Ƙyaure, mai walda yana kiransa Ministan Neman Caji. Ranar Kwamared ya ɗauki jawabin kaf a bidiyo. Amma ya san mutane ba sa kallon dogon abu, don haka ya yanke inda ake maganar man da ya zube da wayoyin wutar da suka ƙone, ya bar yatsan da maganar da ta biyo shi. Kalmar taransifoma ba ta shiga ba.

Kafin rana ta faɗi bidiyon ya zaga ƙasa. 'Yan adawa suka ce ga talaka ya gaya wa gwamnati gaskiya a idonta. Matasan jam'iyya mai mulki suka tono cewa kansilan ya taɓa zama ɗan adawa, saboda haka yatsan nasu ne. Aka kwana biyu ana zage-zagen iyaye a kan ko yatsan na wane ne. Aka ciro hoton aka mai da shi sitika, ana tura wa duk wanda ya ƙi amsa saƙo, mata na tura wa mazajensu, ɗalibai na tura wa juna ranar jarrabawa. Wani ya sa masa kiɗa. Wani malamin jami'a ya yi dogon sharhi a kan ma'anar tabon ƙunar. Aka buga shi a riguna, aka raɗa wa mutumin suna Mai Yatsa.

Matarsa ce ta nuna masa a wayarta. Ya kalla har ƙarshe, abin da bai ɗauki lokaci ba, ya aika 'yarsa ta kira kawunta.

"Ina maganar taransifomar?"

"Yaya, taransifoma ba ta yawo," in ji Kwamared. "Yatsa ne ke yawo."

Mai walda ya ce to ya sa ta yi yawo, in ba haka ba ya nemi wani gidan da zai riƙa cin abinci. Kwamared ya yi dariya, ya je ya ɗauki hotonta, ya rubuta cewa wannan ce ta sa Mai Yatsa ya ɗaga yatsa. Daga ranar ta daina zama taransifoma, ta zama wurin ziyara. Samari da 'yan mata suka riƙa zuwa daga unguwanni masu nisa, su tsaya a gabanta kowa da yatsa a sama, a ɗauke su. Aka rubuta SHAIDA da jan fenti a jikin dakalin. 'Yan takara suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dafa ta da fuskar ta'aziyya, ya tsallaka ya rungumi mai walda a gaban kyamara, ya shiga mota. Babu wanda ya tambaye shi me ya ƙone a cikinta.

Dole a faɗi gaskiya, abin ya yi aiki. Matasan da ba su taɓa sanin inda ake rajistar zaɓe ba suka je suka yi layi a rana suka karɓi kati. Suka koyi sunayen wakilansu, suka fara yi musu tambayoyin da ba su saba ji ba. Abu ɗaya ne kawai bai motsa ba. Masu mulki suka ga in an gyara ta yanzu za a ce sun durƙusa wa yatsa, masu adawa suka ga matacciya ta fi rayayya kyau a hoto. Karo na farko ke nan da ɓangarorin biyu suka yi ittifaƙi a kan wani abu, kuma ba sai da suka zauna taro ba.

Shi kuwa bai daina zarya ba. A can bayan kamfanin, a wani ɗan ofis da fankarsa ba ta juyawa, ya dace da wata injiniya mai gajiyayyun idanu. Ita ce ta fara sauraronsa har ƙarshe. Ta ce taransifomar ba za ta gyaru a inda take ba, sai an ɗaga ta an kai ta ma'aikata an sake naɗa wayoyin cikinta, sannan a dawo da ita. Ta ce daga sama an ce kada kowa ya taɓa ta sai bayan zaɓe, amma motar ɗaukar kaya mai ƙugiya za ta bi ta kusa da layinmu, za ta cusa aikin a ciki ba tare da ta rubuta ba. In ta dawo wuta ta kama, babu wanda zai iya cewa a kashe.

"Sharaɗina ɗaya," ta ce. "Kada waya ta ji."

Ya yi mata alkawari. Matarsa kaɗai ya gaya wa, ya kuma ja mata kunne a kan ƙaninta, ya ce yaron nan bakinsa a babban yatsansa yake. A safiyar da aka sa, ya tashi da wani irin sauƙin jiki da ya manta da shi, ya tafi kasuwa sayen sandunan walda, don in wuta ta zo ta same shi a shirye.

Motar ta riga lokacinta zuwa. Kwamared na tsaye a ƙofar gida yana goge baki ya ga mutane da rigar aiki suna kwance wayoyi, ƙugiya na saukowa. Tun da aka haife shi bai taɓa ganin motar hukuma ta shigo layi irin wannan don kawo alheri ba. Ko ta zo yanke wuta, ko rushe rumfa, ko kama wani. Bai tsaya kurkure baki ba ya kunna waya, ya fara yaɗawa kai tsaye: ga su nan, sun zo sace shaida kafin zaɓe, duk mai kishin ƙasar nan ya fito.

Kuma suka fito. Waɗanda ake cewa ba sa iya komai sai latsa waya, su ne suka zo a kan babura da ƙafa, ɗalibai da jakunkunansu, masu koyon sana'a da baƙin mai a hannu, 'yan mata da suka baro aji. Ba wanda ya ba su komai, kuma sun san ana iya dukansu. Suka sarƙe hannuwa suka kewaye dakalin. Wani ya hau kan taransifomar ya zauna ya ce sai dai a ɗaga da shi. Mai ƙanƙara ta fito musu da ruwa, tana ba su haƙuri cewa ba sanyi. Injiniyar ta yi ƙoƙarin bayani, suka ce ta nuna takardar izini. Ba ta da ita, kuma ba za ta iya faɗin dalili a gaban wayoyi ba. Shirun da ta yi suka ɗauka amsa ce. Nan take fuskarta ta zaga ƙasa a wayoyi da sunan ɓarauniyar taransifoma. Dutse ya tashi daga baya ya tarwatsa gilashin motar.

Matar mai walda ta fito da mayafi a karkace, ta kama hannun rigar ƙaninta tana cewa, "Auta, tsaya ka ji." Ya ce ta koma gida akwai hatsari, ya juya ya gaya wa masu kallo cewa har iyaye mata sun fito. Sai ta kira mijinta.

Ya iso da gudu, kwalin sandunan walda a hammata. Da suka hango shi layin ya ɗauki sowa. Kafin ya kai ga motar sun ɗaga shi sama a kafaɗu. Yana ihu su bari a ɗauka, shi ya kira su, gyara za a yi, amma ba wanda ke jin kowa. Ya hango Kwamared a kan wani bulo, waya a sama. Ƙarfen ya yi ja, ya ɗaga yatsa ya nuna shi, yana faɗin maganganun da ba a faɗa wa suruki. Taron ya ga yatsan, na gaske, a gabansu. Gaba ɗaya suka ɗaga nasu. Daga can sama mai walda ya ga injiniyar ta share gilashi daga kujera ta hau mota. Sau ɗaya ta dube shi. Motar ta ja da baya har ƙarshen layi, ƙugiyar na lilo ba komai a jikinta.

A gida bai yi ihu ba, muryar ta riga ta tafi. Ya zaunar da Kwamared a tsakar gida ya gaya masa abin da ya kora.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba, Yaya?"

"Da na gaya maka, da ka gaya wa duniya."

"Ai da gaskiya na gaya mata."

"To ga ta nan. Gaya mata yanzu."

Ya gaya mata. Ya rubuta komai dalla-dalla, ya ba injiniyar haƙuri, ya ɗora laifin a kansa. Rubutun ya yi tsawo, kuma babu yatsa a ciki. Kaɗan ne suka karanta, waɗanda suka karanta kuma suka gano abin da ya faru nan da nan: an sayi Kwamared, an tsorata Mai Yatsa. Wani ya tura masa sitikar mijin yayarsa a matsayin amsa. Bidiyon da aka ɗaga mai walda a kafaɗu kuwa ya ninka na farko yawo, da taken ranar da matasa suka kare taransifoma.

Kamfanin ya ba da sanarwa cewa ba zai sake tura ma'aikatansa inda rayuwarsu ke cikin hatsari ba. Injiniyar aka tambaye ta wa ya aike ta, aka mai da ita wani reshe mai nisa. Mai walda ya je ya ba ta haƙuri, ya tarar da ofishin a kulle. Mai gadin ya tare shi a ƙofa, ya roƙe shi ya ɗan ɗaga yatsan a ɗauke su tare, don yaransa ba za su yarda ba.

Zaɓe ya zo, matasa suka fito fiye da yadda aka taɓa gani, tsohon kansila ya faɗi. Sabon, saurayi ne mai zafin jini, a jawabinsa na farko ya gode wa Mai Yatsa, ya ce abin da matasa suka kare da jikinsu ba za a bar wani ya sake taɓa shi ba. Ya ba da umarni a kewaye taransifomar da shingen ƙarfe, a sa allo, don 'yan baya su san inda aka fara. Da aka tuna masa batun gyara, ya ce yana cikin tsari.

A makon ne mai shago ya karɓi makullinsa, cikin ladabi. Mai walda ya tura injinsa a baro ya kai gida, ya rufe shi da tsohon zanen gado a lungun da ake ajiye itace. Washegari ya sa rigar aiki ya zaga layin baya. Su ma tasu taransifomar ta ƙone ba da daɗewa ba bayan tamu. Ba wanda ya ɗauki hotonta, wata safiya mota ta zo ta ɗauke ta, wata safiya ta dawo da ita. Ubangidan nasa ya tsufa, ƙirjin ya zube. Ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya dube shi. Ya nuna masa tarin ƙarfe a gefe da takardar awo a kai. Aikin shingen kansila ne, tsohon aka ba, don a nan kusa shi kaɗai ke da wuta.

Mai walda ya haɗa shingen da hannunsa. Kwamared ya taya shi ɗauka ranar kafawa, waya a aljihu, ba wanda ya tsokani wani. Da aka gama mai walda ya tura ƙofar shingen da ɗan yatsa, ya buɗe ya rufe, ba ta yi ƙara ba. Har yanzu ana zuwa ɗaukar hoto a gaban taransifomar, amma da rana ake zuwa, domin layin babu wuta.